Shin ya dace in gina aikina na jami'a a kan bambancin lafiya da al'adun majiyyata?

Likitar Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin koyarwa a jami'o'in Amurka, musamman a tsangayoyin likitanci da na aikin jinya. Na kammala horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara, na ƙara da digiri na biyu a lafiyar al'umma, kuma yanzu wata jami'a ta yi mini tayin kujerar mataimakiyar farfesa. A takardar tayin an nuna cewa aikina zai ta'allaƙa ne a kan koyar da ɗaliban likitanci yadda ake kula da majiyyaci bisa la'akari da al'adarsa da harshensa, da kuma bincike a kan bambancin lafiya da ke tsakanin al'ummomi, wato dalilin da ya sa wasu rukunonin jama'a suke yawan ciwo suke kuma mutuwa da wuri fiye da wasu, alhali kuwa ƙasa ɗaya suke zaune.

Wannan fanni yana raina tun ina ɗaliba, amma manya biyu da nake girmamawa sun ba ni shawarwari masu karo da juna. Ɗaya ya ce in karɓa hannu bibbiyu domin ana bukatar irina, ɗayan kuwa ya ce fanni ne da ake yaba wa a baki a wurin taro, amma idan ranar ƙarin girma ta zo sai a nuna ba a san da shi ba. Takardar ma ba ta fayyace yawan lokacin da zan samu na bincike ba. Shin mutum yana iya kaiwa ga kujerar dindindin da wannan fanni? Kuma me ya kamata in nema a rubuce kafin in sa hannu?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Manyan naki biyu duka gaskiya suka faɗa miki, sai dai kowannensu ya tsaya a gefe ɗaya na maganar.

Da farko ki kwantar da hankalinki a kan ko fannin yana da tushe, domin yana da shi. A 1985 Margaret Heckler, wadda ita ce sakatariyar lafiya ta Amurka a lokacin, ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa a kowace shekara ana samun mace-mace kusan 60,000 a cikin baƙaƙen fata waɗanda da ba za a samu ba da a ce yawan mutuwarsu daidai yake da na farare, kuma a sanadiyyar wannan rahoto aka buɗe ofishin kula da lafiyar tsiraru a shekarar da ta biyo baya. A 2002 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar da wani rahoton da ya fi na farko ɗaci, domin ya nuna cewa ko da inshorar lafiya iri ɗaya ce, kuɗin shiga ma daidai yake, kulawar da tsiraru suke samu a asibiti ba ta kai ta sauran ba. A 2010 kuma cibiyar da ke kula da wannan bincike a ƙarƙashin NIH, wato hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta zama cikakkiyar cibiya mai cin gashin kanta. Saboda haka babu wanda zai iya ce miki abin da kike nazari a kai ba ilimi ba ne.

Inda gizo yake saƙar shi ne yadda jami'a take auna malami. A mafi yawan wurare ana duba takardunki domin ba da kujerar dindindin ne a shekara ta shida, kuma kwamitin da zai duba su zai ƙirga maƙalolin da kika wallafa a mujallun da masana suke tacewa, da tallafin binciken da kika jawo wa jami'a, da wasiƙun da masana na wasu jami'o'i za su rubuto a kanki. Koyarwa tana biye a baya, hidimar kwamitoci kuwa ita ce ta ƙarshe. Matsalar masu irin fanninmu ita ce an fi kiran mu zuwa ga abin da ya fi ƙarancin maki. A shekarata ta uku na zauna wata rana na lissafa kwamitocin da nake ciki, na tarar da tara: na ɗaukar ɗalibai, na gyaran manhaja, na sauraron ƙorafi, na neman sababbin malamai har guda biyu, da sauransu. Duk ɗalibin da ya ji an raina shi a ɗakin majiyyata ofishina yake nufa, kuma ban taɓa iya rufe ƙofa ba, domin na san zafin abin. Amma a waccan shekara maƙala ɗaya rak na wallafa, yayin da abokin aikina da muka fara rana ɗaya, wanda ba a taɓa kira wani taro ba, ya wallafa biyar. Da shugaban sashenmu ya zaunar da ni a ƙarshen shekara, ya yi mini godiya sosai a kan hidimata, sannan ya juya takarda ya tambaye ni ina binciken. Wannan nauyi ya zama ruwan dare har masu nazarin aikin jami'a suka raɗa masa suna harajin tsiraru.

Don haka abin da zan ce ki nema a rubuce, tun ran gini tun ran zane, shi ne kason lokacinki. Ki tambaya a kan wane layi aka ɗauke ki, domin tsangayoyin likitanci suna da layin masu bincike da kuma layin likitoci masu koyarwa, kuma ma'aunin kowanne daban ne. Idan layin bincike ne, ki sani cewa tallafin da NIH take bai wa sababbin masu bincike, irin su K23 da K01, yana sharɗanta a ware wa bincike kusan kashi 75 cikin ɗari na lokacin mutum. Idan sashen da ya ɗauke ki yana so ki riƙa duba majiyyata kwana huɗu a mako, to lissafin bai tashi ba tun daga farko, kuma gara ki gane haka yanzu da ki gane bayan shekara uku. Ki nemi a rubuta iyakar kwamitocin da za a sa ki a shekaru uku na farko. Ki kuma tambayi sunan babban malamin da zai riƙe hannunki, ki duba da kanki ko yana da tallafin bincike a hannu, ki kuma bincika ina waɗanda ya horar a baya suka kai.

Malamar Jinya ta amsa:

'Yar'uwa, barka da wannan tayi, Allah ya sa alheri ne. Malam ya gama magana a kan ƙarin girma, ni zan tsaya a kan koyarwar, domin a nan ne na ga an fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Lokacin da na fara wannan aiki, abin da na gada daga wadda ta riga ni shi ne wasu takardu da aka jera ƙabilu a kansu, kowace da halayenta: waɗannan ba sa kallon likita a ido, waɗancan miji ne yake yanke shawara, waɗannan kuma sun fi yarda da maganin gargajiya. Ɗalibai suna son irin wannan darasi saboda yana da sauƙin haddacewa a amsa jarrabawa da shi, amma abin da yake haifarwa shi ne ma'aikaci ya shiga ɗaki yana ganin ya riga ya san mutumin da ke kwance tun kafin ya buɗe baki. Wannan ne ya sa Melanie Tervalon da Jann Murray-García suka kawo shawara a 1998 cewa a daina ɗaukar al'ada a matsayin abin da ake ƙwarewa a kai a gama, a koma ga tawali'u, wato ma'aikaci ya riƙa tuhumar zatonsa, ya kuma tuna cewa a cikin ɗakin shi ne mai iko, majiyyaci kuwa a ƙarƙashinsa yake. Tun kafin su, a 1978, Arthur Kleinman da abokan aikinsa sun tsara wasu 'yan tambayoyi da har yau ban ga abin da ya fi su amfani a aji ba: me kake kiran wannan ciwo, me kake ganin ya jawo shi, me ka fi tsoro game da shi, wane irin magani kake sa ran samu. Tambayoyin ba su bukatar ka san komai a kan ƙabilar mutum, suna dai bukatar ka yi shiru ka saurara.

Akwai wata majiyyaciya da nake ba ɗalibaina labarinta kowace shekara. Baƙuwa ce a ƙasar, tana fama da hawan jini, kuma an rubuta a takardunta sau uku cewa ba ta bin umarnin likita. Ɗalibar da nake sa ido a kanta ta zo mini da bayani a shirye, wai matar ta fi yarda da saiwoyi ne kamar yadda aka san mutanensu. Na ce mu koma mu tambaye ta, kuma a wannan karo mu kira tafinta na asibiti, a maimakon ɗanta mai shekara goma sha biyu da ya saba yi mata fassara. Da aka fitar da yaron, sai matar ta sunkuyar da kai ta ce maganin yana sa ta yawan fitsari, ita kuma tana aiki ne a layin haɗa kaya a wata masana'anta inda ba a barin mutum ya bar wurinsa sai lokacin hutu, kuma sau biyu tana jin kunya a gaban mutane, shi ya sa take shan maganin ranar da ba ta aiki kawai. Wannan magana ce da uwa ba za ta taɓa faɗa ta bakin ɗanta ba. Likita ya sauya mata magani, jinin ya sauka. Al'ada ta shigo cikin labarin, amma ta wajen kunyar da ke tsakanin uwa da ɗa ta shigo, ba ta inda ɗalibar ta zata ba.

Shawarata ita ce kada ki yarda a ba ki lacca biyu a ƙarshen zango a ce an koyar da al'ada. Ki nemi darasin ya shiga cikin horon gefen gado, a kuma auna ɗalibi a kansa kamar yadda ake auna shi a kan sauraron bugun zuciya: shin ya kira tafinta, shin majiyyaci yake kallo ko tafintan, shin ya sa majiyyaci ya maimaita umarnin da bakinsa domin a tabbatar ya fahimta. Kina da madogara idan an yi miki gardama, domin tun 2000 ofishin lafiyar tsiraru ya fitar da ƙa'idojin ƙasa a kan hidimar da ta dace da al'ada da harshe, aka kuma sabunta su a 2013. Kuma ki riƙa tattara sakamakon koyarwarki ki wallafa shi, domin wannan ma bincike ne da kwamitin ƙarin girma zai iya ƙirgawa.

Mai Ƙididdiga ya amsa:

Dakta, da izinin Malama zan ɗan ja maganarta zuwa inda take nufa, ko da yake na san wasu ba za su ji daɗi ba. A ganina kalmar al'ada ta zama mafaka ga asibitoci da yawa, domin idan aka ce al'adar majiyyata ce matsala, to laifin ya koma kansu, asibiti kuwa sai ya shirya bita ta yini ɗaya ya wanke hannunsa. Manyan giɓin da muke aunawa ba su cika samun bayani ta wannan hanya ba. Alƙaluman 2021 na CDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutuwar mata masu juna biyu ko masu jego ta kai 69.9 a cikin kowace haihuwa 100,000 ga baƙaƙen mata, a yayin da ta farare take 26.6, kuma wani nazarin hukumar ya nuna cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar mace da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa ta dalilin ciki. Babu wata al'ada ko jahilci da za a jingina wa wannan. A Ingila ma, binciken Whitehall da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 ya gano cewa na ƙasan tsani suna mutuwa kusan ninki uku na na sama, alhali dukkansu suna da aiki kuma asibitin gwamnati a buɗe yake ga kowa.

Wani lokaci ma bambancin a cikin kayan aikinmu yake ɓoye. Shekara da shekaru lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi yana ƙara wa sakamakon baƙar fata kusan kashi 16 cikin ɗari, abin da ke sa ƙodarsa ta yi kama da mai lafiya fiye da yadda take, ya kuma jinkirta tura shi wurin ƙwararre ko sa shi a jerin masu jiran dashe. Sai a 2021 aka fitar da sabon lissafi wanda ba ya duba launin fata, a 2023 kuma aka umarci cibiyoyin dashe na Amurka su gyara lokacin jiran waɗanda tsohon lissafin ya cutar. Haka na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin: a 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan sun nuna cewa a cikin ma'aunan da ta nuna komai lafiya, ashe iskar ta yi ƙasa a kashi 11.7 cikin ɗari na ma'aunan baƙaƙen majiyyata, a kan kashi 3.6 na farare. Ma'aikacin jinya mafi tawali'u a duniya zai yi kuskure idan na'urarsa ta yi masa ƙarya.

Na kawo waɗannan ne domin in ce miki ki shigo fannin da sana'a a hannu. Son adalci shi ne ya kawo mu duka, amma ba shi ne zai sa a buga maƙalarki ba. Ki zaɓi hanyar bincike ɗaya ki ƙware a kanta, ko nazarin manyan bayanan asibitoci, ko gwajin da ake raba mutane rukuni biyu, ko bincike tare da al'umma, sannan ki zaɓi ciwo ɗaya, misali asma ko sikila tunda yara kike dubawa. Kuma ki wuce matakin bayyana cewa akwai giɓi, domin an riga an bayyana shi sau dubu, ki shiga gwada abin da zai rage shi.

Batun kuɗi ma kada a ɓoye miki. A 2011 Donna Ginther da abokan aikinta sun nuna cewa baƙaƙen masu neman babban tallafin NIH da ake kira R01 suna ƙasa da farare da maki 10 cikin ɗari wajen samu, bayan an daidaita ilimi da wallafe-wallafe da wurin aiki. Wani nazari na 2019 ya gano cewa zaɓin maudu'i kaɗai ya ɗauki fiye da kashi 20 cikin ɗari na wannan giɓi, domin binciken da ya shafi al'umma da bambancin lafiya bai cika samun tallafi kamar na ɗakin gwaji ba. A 2025 kuma an soke ɗaruruwan tallafin NIH, da yawansu a irin waɗannan maudu'ai. Wanda ya rataya aikinsa duka a kan ƙofa ɗaya yana cikin haɗari, don haka ki san hanyar gidauniyoyi masu zaman kansu da ƙungiyoyin da ke yaƙi da cututtuka tun da wuri.

Likitar Yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na karanta takardar da idon da kuka ba ni, sai na lura cewa an rubuta zan jagoranci kwamitin daidaito na tsangaya tun daga zangon farko, kuma zan duba majiyyata kwana uku a mako. Ciwon sikila ne nake son in tsaya a kansa, musamman yadda ake jinkirta ba yara maganin ciwo a ɗakin gaggawa saboda ana zargin suna neman ƙwaya ne. Amma ina jin nauyin in ce ba zan jagoranci kwamitin ba, tunda kusan saboda shi aka neme ni, kuma ina tsoron a ɗauke ni mai girman kai tun ban fara aiki ba. Malam, yaya ake faɗin irin wannan ba tare da an ɓata ba?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Dakta, jin nauyin nan na san shi, shi ne ya kai ni kwamitoci tara. Amma lokacin da aka yi miki tayi ba a kuma sa hannu ba shi ne lokacin da maganarki ta fi nauyi, kuma shugabannin sassa sun saba da ciniki a wannan mataki, ba sa ɗaukarsa rashin ladabi. Ba sai kin ce ba za ki yi ba. Ki rubuta musu cewa kina son zama mamba a kwamitin, amma kina roƙon wani farfesa mai kujerar dindindin ya jagorance shi har zuwa shekararki ta huɗu, domin kwamiti irin wannan wata rana zai faɗi abin da manya ba sa son ji, kuma bai dace mai faɗin ya zama wanda su ne za su zauna a kan takardunsa ba. Idan suka nace sai ke, to ki nemi a rage miki kwana ɗaya na asibiti a madadinsa, a kuma rubuta a takardar cewa jagorancin zai shiga lissafin ƙarin girma.

Maudu'in sikila kuwa zaɓi ne mai kyau, domin yana da abin aunawa a fili: mintoci nawa ne tsakanin isowar yaro ɗakin gaggawa da samun maganin ciwo na farko. Kafin ki amsa musu, ki tambayi ko za a ba ki damar shiga bayanan ɗakin gaggawar asibitin, da wanda zai taimaka miki da ƙididdiga, da kuma ko akwai ƙungiyar iyayen yara masu sikila da asibitin yake hulɗa da ita, domin da su za ki tsara tambayoyin binciken. Idan amsar waɗannan uku ta zo a rubuce, ki turo mini daftarin wasiƙarki in duba miki kafin ki aika.